Rawar Sanyi da Waɗanda Ba Sa Iya Yin Ta

Yaya sanyi? Na san amsar da za ku ba ni: lokacinsa ne. To, lokacinsa ne kuwa. Iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zo ta lulluɓe mana gari da hazo. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, kasuwar man shafawa da ta 'yan gwanjo ta buɗe. A daren Janairu, a Kano ko Katsina ko Damagaram, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13, wani lokaci ma ƙasa da haka. Mutanen Jos da na tsaunin Mambila nasu ya fi namu, su kuwa na Agadas da Bilma akwai daren da ruwa ke kusa da daskarewa a waje.

Sanyin ya fi tsanani gab da fitowar rana, domin ƙasa ta kwana tana sakin zafin da ta sha, ga iska busasshiya, babu gajimaren da zai tare shi. Daidai lokacin kuwa muke fita sallar asuba. Ka zuba ruwan buta a hannu, kafin ka kai ga shafar kai haɓa ta fara kaɗawa, haƙora na bugun juna, kafaɗu na rawa, ka yi ka yi su tsaya sun ƙi. A kan wannan makyarkyata zan yi magana yau, domin da yawanmu mun ɗauke ta alamar ragwantaka, har akan daka wa yaro tsawa a ce ya daina rawar jiki kamar ba namiji ba. Ni kuwa ina lissafa ta cikin manyan ni'imomin da Allah Ya ajiye a jikin ɗan Adam. Wanda ya kamata hankalinmu ya tashi a kansa shi ne wanda sanyi ke ci amma jikinsa ba ya rawa.

Mu fara da abin da jiki yake karewa. Kayan cikinmu, zuciya da hanta da ƙoda, da ƙwaƙwalwa a sama, an tsara su ne su yi aiki a zafin digiri 37 ko kusa da haka. Ko ana zafin Afrilu a Sakkwato, ko ana jaura a Jos, cikin lafiyayyen mutum yana nan wajen 37. Digiri 2 kacal idan suka ragu, aka gangara ƙasa da 35, likita zai ce an shiga haɗari.

Mai kula da wannan lissafi wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa, likitoci na ce masa haifotalamas, nauyinsa kimanin giram 4. Yana auna zafin jinin da ke ratsa shi, yana kuma karɓar labari daga fata, inda akwai bakunan jijiyoyin da ba su da wani aiki sai jin sanyi. A 2002 masana biyu a Amurka, David Julius da Ardem Patapoutian, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano ainihin ƙofar da sanyi ke buɗewa a jikin waɗannan jijiyoyi, kuma aikinsu a kan yadda fata ke jin zafi da sanyi da taɓawa ya kai su ga lambar Nobel a 2021. Abin da ya shafe mu shi ne, sinadarin mantol da ke cikin man zafin da muke shafawa, irin su Robb, shi ma yana buɗe wannan ƙofa. Shi ya sa kake jin sanyi-sanyi in ka shafa. Uwar da ke mulke jariri da man zafi don ta ɗumama shi, ta sani man ba ya ƙara masa ɗumi ko kaɗan, kuma ba a so ya kusanci hancin jariri.

Da labari ya isa cewa waje ya yi sanyi, jiki tattali yake fara yi. Ƙananan hanyoyin jini da ke fata da yatsu da kunnuwa sai su tsuke, jini ya janye zuwa ciki, domin jini ne ke ɗauko zafi ya kai fata, fata kuma ta bai wa iska. Nan ne yatsu ke ƙandarewa har ka kasa ɓalle maɓallin riga. Jiki ya yarda yatsu su sha wuya muddin zuciya na cikin ɗumi. Da jini ya taru a ciki, ƙoda sai ta ɗauka ruwa ya yi yawa, ta shiga tacewa, dalilin yawan fitsari a hunturu ke nan. Wannan tsukewar ce kuma ke sa hawan jini ya ƙaru wa masu shi. Tsigar jiki ma takan tashi. A jikin kaza tashin gashi yana kama iska ya riƙe ɗumi, kun dai ga yadda take kumbura da safe, amma mu namu gashin bai kai ya yi wannan amfani ba.

Idan tattali bai isa ba, sai a koma samar da sabon zafi. Asalin zafin jiki daga abinci yake. Wajen 1783, a Faransa, Antoine Lavoisier da abokin aikinsa Pierre-Simon Laplace suka sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kuma auna iskar da yake fitarwa. Sai suka tarar lissafin ya yi kusan daidai da na gawayin da aka ƙona. Daga nan aka gane cewa jiki ƙona abinci yake yi a hankali da iskar da muke shaƙa, babu harshen wuta, babu hayaƙi. Baligi yana zaune ba ya komai yana fitar da zafin da ya kai wat 80 zuwa 100.

In ana son ƙari a kan wannan, tsoka ake nufa. Ita ce kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin namiji baligi. Duk lokacin da ta yi aiki, ko noma ko daka ko ɗaukar kaya, abin da ke zama aiki daga ƙarfin da ta ƙona bai wuce kashi 1 cikin 4 ba, sauran duk zafi yake komawa. Shi ya sa mai faskare ke tuɓe riga ko ana ɗari. To, makyarkyata dabara ce ta samun zafin ba tare da aikin ba. Ƙwaƙwalwa kan umarci tsokoki su riƙa ɗaurewa suna saki da sauri, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, mai lanƙwasa gaɓa da mai miƙe ta suna ja a lokaci ɗaya. Gaɓar ba ta zuwa ko'ina, rawa kawai take yi, kuma kusan duk ƙarfin da aka ƙona ya zama ɗumi. Ku dubi direban da ya tayar da mota da sanyin safiya, giya na firi, yana taka totur. Motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba, amma inji ya ɗau zafi. Idan makyarkyata ta kai maƙura, zafin da jiki ke samarwa kan ninka na zaman hutu sau 4 zuwa 5.

Takan fara daga muƙamuƙi da wuya da ƙirji kafin ta kai hannuwa da ƙafafu, ɗumin na fitowa kusa da inda aka fi bukatarsa. Mutum na iya danne ta na ɗan lokaci in ya cije, amma ba shi ya kira ta ba, ba kuma shi zai sallame ta ba. In da ƙarfi a jika, tashi ka ja guga ko ka share tsakar gida, za ka ji ta lafa, domin tsoka ta samo zafin ta wata hanya.

Ba mu kaɗai aka ba wannan ba. A ƙasashen da ake ƙanƙara, ƙudan zuma kan dunƙule wuri ɗaya a cikin amya, su riƙa girgiza tsokokin fiffike ba tare da sun kaɗa fiffiken ba, suna shan zumar da suka tara, tsakiyar dunƙulen na nan da ɗumi har sanyi ya wuce. Ku lura, da abin da suka tara suke wannan aiki, kuma nan ne maganar ta fi damuna. Motar da ake taka wa totur a tsaye mai take sha, in tanki ya ƙare inji zai mutu ya huce. Man makyarkyata shi ne sukarin da ke cikin jini, da wanda aka ajiye a hanta da tsoka, da kitse. Mai ƙoshi, mai tsoka, yana iya yin sa'o'i yana rawar sanyi bai gaza ba. Wanda ya kwana da yunwa, ko ya wuni yana aikin ƙarfi, ko ciwo ya ramar da shi, nasa ba ya nisa.

Ku bi ta bakin kasuwa ko tasha bayan an idar da sallar asuba, ku tsaya kusa da teburin mai shayi. Za ku ga yara sun kewaye murhunsa, ba don suna da kuɗin shayi ba. Ɗan shekara bakwai ko takwas, riga ɗaya shara-shara, ƙafa ba takalmi ta yi fari fat da ƙura, ya soke hannuwa a hammata, robar bara a maƙale a gwiwar hannu, haɓa na kaɗawa har maganarsa ba ta fita sosai. Ya kwana a soro ko a barandar shago, buhu ɗaya ne tsakaninsa da daɓen siminti, simintin kuwa ya kwana yana zuƙe masa ɗumin jiki. Tuwon da ya samu jiya da dare, in ya samu, ya tafi a yaƙi da sanyi. Ga shi ƙaramin yaro ya fi babba saurin hucewa, domin fatarsa na da faɗi idan aka gwada da ɗan nauyinsa.

Ina roƙon iyayen da suka kai 'ya'yansu karatu wani gari, da malaman da aka damƙa wa amanarsu, da mu maƙwabta da muke jin muryarsu a ƙofar gida: a wannan wata biyu zuwa uku, abincin daren yaran nan magani ne. Masu rabon barguna, Allah Ya saka musu da alheri, amma bargo ba ya samar da zafi, wanda jiki ya samar kawai yake riƙewa. A haɗa bargon da tuwo, a bi shi da kunu ko koko da safe. Kofin shayi ma, ɗumin ruwansa kaɗan ne abin da yake ƙara wa jiki, sukari da madarar da ke ciki su ne ke isa tsoka su zama zafi. A kuma duba abin da ke ƙarƙashinsu: tabarma biyu, kwali, ko da ciyawa ce, duk abin da zai raba haƙarƙari da siminti. Kaskon garwashi kuwa kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, domin gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba. Hayaƙin janareta ma yana ɗauke da ita.

Iska da jiƙa su ne ke mayar da wahalar makyarkyata aikin banza. Jiki kan ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata, gudun babur ya share ta, ya ɗumama wata, a sake sharewa. Ɗan acaɓan da ya fito tun duku-duku ya fi mai tafiya a ƙasa shan sanyi nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi bukata shi ne rigar sama wadda iska ba ta ratsawa, da safar hannu, domin yatsun da suka ƙandare ba sa kama birki da wuri. Ruwa kuma yana janye zafi fiye da iska kusan sau 25. Masunta a Tafkin Chadi da bakin Kwara, masu noman rani da ke shiga fadama da sassafe, 'yan ga-ruwa da jarka ke zubo musu a riga, ba sai an yi ƙanƙara sanyi zai yi musu illa ba. A digiri 10 ma, da jiƙaƙƙiyar riga da iska, mutum na iya shiga haɗari. A ɗumama wa tsofaffi da marasa lafiya ruwan alwala da na wanka. Sananne ne cewa Sahabi Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, ya yi taimama maimakon wanka a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don tsoron halaka, kuma da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Sharuɗɗan wannan a tambayi malamai.

Yanzu ga waɗanda ba su da kariyar makyarkyata, kuma na farkonsu shi ne jariri sabon haihuwa. Ba za ka ga jinjiri yana rawar sanyi ba, kuma wannan kan yaudari iyaye su zaci lafiya lau yake. Abin da aka tanadar masa wani irin kitse ne mai launin ƙasa-ƙasa, a tsakanin kafaɗu da wuya da kewayen ƙoda, wanda ke ƙonewa kai tsaye ya ba da ɗumi babu motsi. An daɗe ana zaton yana ɓacewa in an girma, sai a 2009 bincike ya tabbatar manya ma suna da ragowarsa a gindin wuya. Amma na jariri ɗan kaɗan ne, ƙona shi kuma na cin sukari da iskar numfashi. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, nasu bai ma gama taruwa ba.

Ku tuna yadda yake fitowa: daga ciki mai digiri 37, tsirara, jiƙe sharkaf, ga kai babba, zuwa ɗakin da ya sha sanyin dare. Cikin 'yan mintoci zafinsa na iya faɗuwa. A gidajenmu da yawa, da an yanke cibi sai a ɗora ruwa, ungozoma ta zauna da sabulu da soso ta cuɗe shi tas, wai kada ya yi wari in ya girma. Niyyar mai kyau ce, lokacin ne bai dace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har bayan awa 24, in hakan ya gagara to aƙalla awa 6. Abin yi nan take shi ne a goge shi da busasshen zane mai tsabta, a kawar da wanda ya jiƙe, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a ba shi nono cikin awa ta farko. Farin maiƙon da ke jikinsa ba datti ba ne, kariya ce ga fatarsa.

Ɗaure bakwaini a ƙirji dare da rana kuwa, likitoci sun mayar da shi magani tun 1978, lokacin da Dakta Edgar Rey ya fara shi a wani asibitin haihuwa a Bogota ta ƙasar Kolombiya, saboda kwalaben ɗumama jarirai sun yi musu kaɗan. Uba ko kaka ko goggo na iya karɓar uwa ta huta. Ga kuma gwajin da kowace uwa za ta iya: ki taɓa cikin jaririnki da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. In duka da ɗumi, madalla. In ƙafa ta yi sanyi, ƙara rufi ki manna shi a jikinki. In ciki ma ya yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya yi rauni, a tafi asibiti yana manne a ƙirji.

Yaro mai tamowa shi ma haka: babu kitse, babu tsoka, babu ajiyar sukari. Shi ya sa a cibiyoyin kula da tamowa, abu biyun da ma'aikata ke fara dubawa su ne faɗuwar sukari da faɗuwar zafin jiki, kuma sukan zo tare. Tsofaffi kuma jikinsu ba ya saurin jin sanyi, tsoka ta ragu, makyarkyatar takan zo a makare kuma ba ƙarfi. Kaka na iya zama a ɗakinta tana ce maka ita ba ta jin komai alhali jikinta na hucewa. A leƙa su da dare, a leƙa da asuba, a taɓa jikinsu, kada a tsaya ga tambaya. Masu amosanin jini kuwa, tsukewar hanyoyin jinin nan tana tayar musu da ciwo, don haka su tun kafin a kai ga rawar jiki za a rufe su.

Akwai kuma rawar sanyin da ba ruwanta da hunturu. Kowa a ƙasar nan ya san ta: rana tsaka, ana zufa, mutum ya ce a lulluɓe shi da bargo uku, gado na girgiza. Idan ƙwayar cuta ta shiga jini, kamar ta zazzaɓin cizon sauro lokacin da take fasa jajayen ƙwayoyin jini ta fito, garkuwar jiki kan saki wasu sinadarai da ke sa wancan sashen ƙwaƙwalwa, haifotalamas, ya ɗaga ma'auninsa daga 37 zuwa 39 ko 40. Nan take jiki ya ga kansa a ƙasa da inda ake so, ya ji sanyi, ya kama rawa har ya kai can. Da ya kai sai rawa ta tsaya, jiki ya yi zafi zau, in ma'aunin ya sauko kuma gumi ya karyo. Farasitamol ma'aunin yake saukarwa, ba ya taɓa cutar. A hunturu an fi ruɗewa, a ce ai sanyin gari ne. Rawar sanyin gari tana tafiya in an shiga ɗaki an rufa. Ta zazzaɓi ba ta jin bargo, kuma goshi da wuya za su ɗau zafi. A je a yi gwajin jini, na maleriya bai wuce minti 20 ba, domin ciwon huhu da na mafitsara da taifot duk suna kawo irinta. Mai jegon da ta kama rawar sanyi da zazzaɓi kwana biyu ko uku bayan haihuwa, a kai ta asibiti a ranar.

Mu koma ga wanda sanyin gari ya kama, domin ga alamar da nake so kowa ya riƙe. Tsakanin digiri 35 da 32, mutum na makyarkyata sosai, yana cikin hayyacinsa, yana kukan sanyi. Wannan jikinsa na aiki. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a kai shi inda ba iska, a rufe shi har kai, a ba shi abu mai ɗumi mai zaƙi, rawar da kanta za ta mayar da shi daidai. Amma daga 32 zuwa ƙasa sai rawar ta fara raguwa har ta tsaya cik. Magana ta riƙa sarƙewa, tafiya ta zama tangaɗi, barci ya riƙa fizgarsa, ya ce a ƙyale shi ya ji sauƙi. Wasu har tuɓe kaya suke yi, wai zafi ya dame su. Wanda bai sani ba sai ya ce ai ya warware, ko ya ce buguwa ce. Ƙasa da 28 kuwa, zuciya na iya rikicewa ta tsaya.

Irin wannan asibiti ne maganinsa, kuma da gaggawa. A ɗauke shi a kwance, a hankali, ba jijjiga, domin zuciyar da ta yi sanyi ƙaramin abu ke birkita ta. A ɗumama ƙirji da hammata da baya tukuna. Kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a tsoma shi a ruwan zafi, kada a kara shi da wuta, fatar da ta yi sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki. Barasa da wasu ke cewa tana korar sanyi, buɗe hanyoyin jinin fata take yi, mutum ya ji ɗumi a fuska alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa, sannan ta dakushe makyarkyatar. Ƙwayoyin maye masu sa barci su ma haka.

Kada kuma a yi saurin yanke ƙauna. A watan Mayu na 1999, wata likita 'yar Suwidin mai suna Anna Bagenholm ta faɗa wani rafi da ya daskare kusa da garin Narvik a arewacin Norwe, ta yi minti 80 a ƙarƙashin ƙanƙara. Da aka kai ta asibitin Tromso zuciyarta a tsaye take, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7. Likitoci suka riƙa fitar da jininta ta na'ura suna ɗumamawa suna mayarwa har zuciya ta tashi, kuma bayan doguwar jinya ta koma aikin likita. Sanyin ya rage wa ƙwaƙwalwarta bukatar iska, shi ya sa ta jure abin da mai ɗumi ba zai jure ba. Mu da muke gaggauta jana'iza, wanda aka tsamo daga ruwa, ko aka tsinta a waje da asuba jikinsa sanyi ƙarara, kada a rufe masa fuska sai likita ya duba shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai mu ƙarshen hunturun nan da rai.